Roƙon Ruwa da Ma'aunin Ruwa a Ƙasar Dambatta

A ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunchi, manomi bai cika tsoron jinkirin ruwan shuka ba. Wannan an saba da shi. Ana sharar gona, ana kai taki da mangala, mai ƙarfin hali ma ya yi binne, ya bar irinsa cikin busasshiyar ƙasa yana jira. Abin da ke hana shi barci shi ne ruwa ya sauka, a yi shuka, gero ya tsiro ya yi kore shar, sannan sama ta washe. Kwana goma, kwana sha biyar, kwana ashirin. Ganye ya fara naɗewa tun da hantsi, iska ta taso da ƙura kamar an koma bazara. A irin wannan lokaci har gaisuwa takan sauya. Wanda jiya ake ce masa "Yaya ruwa?" ya amsa "Ruwa ya yi gyara," yau sai dai a haɗu a bakin gona, kowa ya dubi gabas ya ce Allah Ya kawo sauƙi.

Daga nan liman da dagaci kan zauna su sa rana, a yi shela. A wasu garuruwan har azumi ake yi kafin ranar. Da hantsi a fita filin idi cikin tsofaffin riguna, ba turare ba ado, a yi raka'a biyu ba kiran salla, liman ya yi huɗuba yana yawaita istigfari, sannan ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, maza su ma su juya nasu, a ɗaga hannuwa. Almajirai suna gefe da allunansu, a gidaje kuma ana dakan gumbar sadaka. Na fita irin wannan roƙo ina yaro, kuma har yau ban manta shirun da ke sauka a filin ba, shirun dattawan da suka san ma'anar rumbu ba komai.

Bayan an watse ne gardama kan tashi a majalisar samari. Wani da ya ɗan yi nisa a boko ya ce: in an yi ruwa gobe, za a ce an karɓi addu'a, in ba a yi ba, za a ce zunubinmu ne ya yi yawa, to ta ina mutum zai gane ko roƙon ya yi aiki? Sau da yawa amsar da yake samu ita ce "Kul!" Ni ban ga laifin tambayar ba. Ƙasar Kano ta fi shekara ɗari shida tana fama da ita, kuma sarakuna ne suka fara yin ta tun kafin 'yan boko.

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin zuwan Wangarawa daga Mali zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Shugabansu Abdurrahman Zaite ne. Suka kira sarki zuwa salla, aka gina masallaci a gindin bishiyar da mutanen gari ke girmamawa. Masu tsohon addini suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin. Aka sa masu gadi, abin bai tsaya ba. Sai malaman suka taru suka yi addu'a, littafin ya ce masu ɓarnar suka makance. Ganin haka Yaji ya nemi su roƙa masa nasara a kan Santolo, garin da ya gagari Kano, aka fita da su yaƙin, Santolo ta faɗi. A idon sarki gwaji ya tabbata. Addu'ar baƙin nan tana ci, ga shaida a fili.

Mai wannan tunani bai daɗe ba ya gamu da cikas. Ɗan Yaji, Kanajeji, ya kai wa Zazzau yaƙi aka koro shi. Ya koma ya tambayi masu tsohon addini abin yi, suka ce ya raya abin da ubansa ya rushe. Ya bi shawararsu, ya yi musu tsafin da suka nema, ya sake fita, kuma a wannan karon shi ya yi nasara. In da sakamako ake auna gaskiyar roƙo, to ma'aunin da ya ba Wangarawa gaskiya a Santolo shi ne ya ba matsafa gaskiya a yaƙin Zazzau. Uba da ɗa, ma'auni ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna. Duk wanda ke son a gwada addu'a da abin da ya biyo bayanta, ko don ya tabbatar da ita ko don ya ƙaryata ta, ya kamata ya daɗe a kan wannan labari.

Labarin Dirki ya fi kusa da zancen yunwa. Dirki wani ƙunshi ne da aka naɗe da fatu, sarakunan Haɓe suna yi masa yankan shanu don neman tsari. Muhammadu Alwali, wanda ya hau a 1781, ya tara hatsi saboda yaƙi da yunwa, amma duk da haka yunwa ta same shi. Fadawa suka matsa ya ba da shanu arba'in a yanka wa Dirki. Ya ƙi, ya sa samari suka sassare ƙunshin da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka ce yadda ya fitar da littafin nan daga mazauninsa haka za a fitar da shi daga Kano. A 1807 masu jihadi suka ci rundunarsa a Ɗanyaya, arewa da birni, ya gudu, daga baya aka kashe shi a Burumburum. Mai riƙo da Dirki zai ce ga alhaki ya kama shi. Mai bin tutar Shehu zai ce Allah ne Ya ba jama'a nasara. Abu guda ya faru, kowa ya ɗauke shi hujja.

Malaman zaure, waɗanda suka karantar da Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani da Muwaɗɗa ta Imam Malik a garuruwan nan tsawon ƙarnoni, ba haka suka ɗauki roƙon ruwa ba. A wurinsu sallar istisƙa'i sunna ce mai siffa sananniya, kuma sun san asalinta: labarin baƙauyen da ya shigo masallacin Madina ranar Juma'a ya koka da fari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'a, aka yi mako ana ruwa. Sun san Sayyidina Umar ya fita roƙon ruwa a shekarar yunwa ta 18 bayan hijira, ya gabatar da Abbas. Amma sun kuma san hadisin da ya nuna cewa addu'ar mumini tana da mafita uku: ko a ba shi abin da ya roƙa, ko a ajiye masa ladanta, ko a kawar masa da wata musiba kwatankwacinta. Littattafan fiƙihu sun ce in an fita ba a samu ruwa ba a sake fita, in an sake ba a samu ba a kuma sakewa. Wanda ya tanadi hukuncin rashin samun ruwa tun kafin a fita, bai yi alkawarin cewa salla za ta jawo hadari kamar yadda guga ke jawo ruwan rijiya ba. Bawa ne ya je ƙofar Ubangijinsa, bayarwa da hanawa duk na Mai ƙofar ne.

Kuma waɗannan malaman su ne masu lissafin taurari. Manomin da bai taɓa shiga aji ba yakan je wurin malami ya tambayi wane tauraro ake ciki, Haƙa'a ce ko Hana'a, Zira'a ce ko Nasara, kowanne kwana goma sha uku, don ya san ko shukar da zai yi za ta kai. Malamin zai faɗa masa, sannan ya ja masa kunne da hadisin Hudaibiyya, wanda ya hana a jingina saukar ruwa ga tauraro. Ana lissafi, ana kiyaye al'adar da Allah Ya gudanar a sama, amma ba a ce lissafin ne ke zubo ruwa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a kan haka da misalin wuta da auduga, cewa haɗuwarsu da ƙonewa al'ada ce da Allah ke gudanarwa, Ibn Rushdi kuma ya yi masa raddi cewa musun sababi musun hankali ne. Manomin Makoɗa bai karanta ko ɗayansu ba, amma da ra'ayin duka biyun yake noma.

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, kuma daga 1905 aka fara rubuta yawan ruwan da ke sauka a birnin. Na'urar awon ba wani abin mamaki ba ce: gwangwani ne da mazurari a bakinsa, kowace safiya a juye abin da ya taru a auna. Amma da ita wani sabon abu ya shigo ƙasar. A da ana cewa bana an yi ruwa, bara an yi fari, kowa da irin tunawarsa. Yanzu akwai lamba. A shekara mai kyau Kano kan samu sama da inci 30. A 1913 abin da aka auna bai kai inci 20 ba.

Abin da ya biyo baya shi ne yunwar da tsofaffi suka kira Kakalaba. Kafin ita an san wasu, kamar Banga-banga ta wajen 1855, bayanta kuma aka yi 'Yar Buhu a 1927, amma ta 1914 ce aka fi jin tsoron ambatonta. Mutane sun ci dusa da ganyaye, sun tone gidajen tururuwa suna neman ƙwayar hatsi, wasu suka gangaro daga ƙasar Damagaram suka mutu a kan hanya. Waɗanda suka rasu a lardin Kano dubbai ne masu yawa, kuma arewacin lardin ya fi jin jiki. Babu shakka an yi roƙon ruwa a daminar 1913, don ba a taɓa yin fari a ƙasar nan an zauna ba a roƙa ba. Sai dai a duba abin da ya gabaci farin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A kakar 1912 kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa da farashin da ba a taɓa gani ba, manoma suka karkata gare ta. Haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi, ana karɓarsa da kaka lokacin da hatsi ya fi araha, dole magidanci ya buɗe rumbu ya sayar da damin da a da yake ajiyewa saboda baƙar shekara. Da fari ya zo, ya tarar da rumbuna da yawa sun riga sun yi sauƙi, agajin gwamnati kuma ya zo kaɗan, a makare. Michael Watts, wanda ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina yana bincike, ya tattara wannan tarihi a littafinsa Silent Violence na 1983. Duk abin da ya faɗa ana iya bin sa a takardun haraji da na jirgi a ga ko gaskiya ne.

A Ingila kuwa, ƙasar da ta kawo mana gwangwanin awo, an riga an yi wannan gardama a fili. A ƙarshen 1871 Yarima mai jiran gado ya kwanta da zazzaɓin taifot, aka yi masa addu'a a coci-coci, ya warke, aka yi gagarumin taron godiya a Fabrairun 1872. A wannan shekara masanin kimiyya John Tyndall ya gabatar da shawarar wani likita, Henry Thompson, cewa a ware ɗaki ɗaya a asibiti, masu ibada su duƙufa yi wa majinyatansa addu'a na wasu shekaru, sannan a kwatanta yawan mutuwarsu da na sauran ɗakuna. Limaman Kirista suka ce wannan jarraba Ubangiji ne, ba a yi gwajin ba. Francis Galton ya bi ta wata hanya. Ya ce ba wanda ake yi wa addu'ar tsawon rai a Ingila kamar 'yan gidan sarauta, sai ya lissafa shekarunsu, ya tarar matsakaicinsu wajen 64 ne, alhali masu hali da ba na sarauta ba suna kaiwa 70. Bayan fiye da ƙarni ɗaya aka yi irin gwajin da Thompson ya so, a Amurka, ƙarƙashin jagorancin likita Herbert Benson. An ɗauki majinyata 1,802 da aka yi wa aikin zuciya a asibitoci shida, aka kasa su uku. Sakamakon ya fito a 2006: cikin waɗanda aka yi wa addu'a ba su da tabbas, kashi 52 cikin ɗari sun samu matsala bayan aiki, cikin waɗanda ba a yi wa ba, kashi 51, cikin waɗanda aka gaya wa cewa lalle ana yi musu, kashi 59.

Ban raina wannan aiki ba, an yi shi da gaskiya da ƙwarewa. Ya nuna cewa karanto sunan baƙo daga takarda bisa jadawalin masu bincike ba ya aiki kamar ƙwayar magani, kuma duk mai cewa yana aiki haka, lamba ta ƙaryata shi. Amma majinyatan da aka ce ba a yi musu addu'a ba, ai suna da iyaye da mata da 'ya'ya, kuma ba mai iya hana uwa roƙa wa ɗanta lafiya. A nan gwajin ya yi rauni tun daga tushe.

A kawo shi ƙasar Dambatta a ga yadda zai kasance. Sai an samu ƙauyuka, a ce ashirin su fita roƙo, ashirin su zauna. Wane dagaci ne zai yarda garinsa ya shiga sahun masu zama alhali gero yana mutuwa? Ko ya yarda, wa zai rufe bakin tsohuwar da ke tashi da asuba? Kuma liman ba ya roƙa wa garinsa kaɗai, yakan haɗa da dukan ƙasar Musulmi da dabbobi da tsuntsaye. Ga kuma halin ruwanmu. Hadari kan taso daga gabas ya zubar a Kunchi ya tsallake Tsanyawa, ko ya jiƙa gabashin gona ya bar yammacinta. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun kafa ma'aunai wajen ɗari a kewayen Yamai, suka tarar garuruwa biyu masu kusa da juna kan bambanta ƙwarai a damina ɗaya. Abu na uku shi ne lokaci. Ba a fita roƙo a watan Janairu. Ana fita ne a tsakiyar damina bayan ruwa ya yi mako biyu ko uku bai sauka ba, wato daidai lokacin da bisa al'ada ya kusa dawowa. A Murcia ta ƙasar Sifen, inda coci ya ajiye tarihin ranakun roƙon ruwa na ɗaruruwan shekaru, masu bincike sun ga cewa ruwa yakan biyo bayan roƙo fiye da sauran ranaku, suka kuma ga cewa yanayin wurin ne ya sa: in fari ya daɗe, saukar ruwa ta matso. Mai imani zai ce haka Allah Ya tsara, Ya sa bayinsa su roƙa a lokacin da Ya nufi bayarwa. Marar imani zai ce dama ruwan zai zo. Gwangwanin awo ba shi da abin da zai ce a tsakaninsu, domin adadin da ya tara ɗaya ne a wurin kowa.

Abin da ya fi damuna ya faru ne a farin 1972 da 1973. A 1973 ruwan da aka auna a Kano bai ma kai na 1913 ba. Gero ya ƙone a arewacin jihar, rijiyoyi suka ja baya, shanu suka faɗi. Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya shiga ƙauyukan Dambatta a lokacin yana tambayar magidanta halin da suke ciki, abin da ya zama wani ɓangare na littafinsa Adapting to Drought na 1989. Mutane sun ce fari daga Allah yake, sun yi roƙo, sun yi sadaka. A lokaci guda sun sayar da awaki, sun tafi cin rani, sun koma saƙa da dako da sayar da itace, mata sun shiga daji neman tafasa da yaɗiya. Ba wanda ya ga saɓani tsakanin filin idi da hanyar Kano. Kuma duk da ruwan ya gaza na 1913, ba a ga irin mutuwar Kakalaba ba, domin yanzu akwai titi da mota, akwai hatsin da ake kawowa daga kudu, akwai aikin lebura a birni da kuɗin man fetur. An sha wuya ƙwarai, an yi asarar dukiya, yara sun rame, amma gari bai watse ba. A duka shekarun biyu an yi salla iri ɗaya a filaye iri ɗaya. Abin da ya bambanta su yana hannun mutane, kuma ana iya ƙirga shi.

To amma a wannan farin ne aka shiga neman mai laifi. A Katsina da wasu garuruwan Hausa an umarci mata masu zaman kansu su yi aure ko su bar gari, a kan cewa su ne suka hana ruwa. Har yau in ruwa ya ɗauke za ka ji raɗe-raɗin cewa wane ne ya ɗaure shi, mai ɓoye hatsi ko mai aikin gini da ba ya son a jiƙa masa bulo. Kiran jama'a zuwa tuba abu ne da addini ya zo da shi, kuma liman da ke cewa mu duka mu gyara, mu cika mudu, mu fitar da zakka, yana kan hanya. Amma wanda ya nuna wata baiwar Allah da yatsa ya ce saboda ke aka hana mu ruwa, ya bar roƙo ya shiga da'awar sanin gaibu. Irin wannan magana tana da amsa a duniya: an kore su, to ruwan ya dawo? Farin ya tsaya a garuruwan da ke da irin waɗannan mata, ko kuwa ya haɗa tun daga Senegal har Habasha, da rugagen da ba su taɓa ganin gidan karuwai ba? Haka ma mai karɓar kuɗi da alkawarin zai saukar da ruwa ko zai riƙe shi ranar biki. Tunda ya sa rana ya sa wuri, ya ba da damar a rubuta a ƙirga, kuma ya kamata a ƙirga ɗin.

Masana ma sun yi nasu nunin yatsan. Tun a 1935 wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya ce Sahara tana gangarowa kan arewacin Nijeriya saboda ɓarnar manoma da makiyaya. Kwamitin haɗin gwiwar Ingila da Faransa ya zaga iyakar a 1936 da 1937 bai ga hakan ba, amma maganar ba ta mutu ba. A 1975 Jule Charney, babban masanin yanayi a Amurka, ya kawo ra'ayin cewa in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, hakan ya rage haɗuwar hadari. Aka ɗauki wannan aka yayata, har taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan hamada a Nairobi a 1977, talakan Sahel ya zama shi ne ya jawo wa kansa fari da gatarinsa da akuyarsa. Mai wa'azi ya ce zunubinsa ne, mai digiri ya ce jahilcinsa ne. Bambancin shi ne maganar mai digiri ta yarda a gwada ta, kuma da aka gwada ba ta tsaya yadda aka zata ba. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Ingila suka nuna alaƙar farin Sahel da sauyin ɗumin ruwan tekuna. A 2003 Alessandra Giannini da nata abokan suka ƙarfafa hakan. Wasu masanan kuma suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya janye damina zuwa kudu. Su Mortimore a nasu ɓangaren suka duba hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, suka ƙirga itatuwan gonakin kewayen Kano, suka tarar ba su ragu ba duk da yawan jama'a. Manomin da ake zargi shi ne mai rainon gawo da kuka da ɗorawa a gonarsa, shi ne mai kwasar takin birni a kan jaki yana mayar wa ƙasa ƙarfinta, gonar da ake nomawa kowace shekara ba hutu tun zamanin kakanni. Ina jin zafin shekarun da aka yi ana ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Bayan farin an yi abin da hannu zai iya. Shirin madatsun ruwa da aka faro zamanin Gwamna Audu Baƙo ya kawo Tiga a kudu, a arewa kuma aka samu Tomas a ƙasar Dambatta, da Gari, da Watari, da Jakara. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Fari ya sake dawowa a 1983 da 1984, sannan a Agustan 1988 ruwa ya yi yawa har madatsar Bagauda ta ɓalle, aka koma roƙon Allah Ya tsayar da shi, kamar yadda baƙauyen Madina ya dawo Juma'a ta biyu yana kukan gidaje suna rushewa. A gonar gwaji ta cibiyar binciken noma ta IITA da ke Minjibir an fitar da irin wake mai nuna da wuri. Hukumar NiMet kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranar da ake sa ran ruwan shuka da lokacin da ake tsoron ɗaukewarsa, gidajen rediyo suna karantawa da Hausa. Wani lokaci ta dace, wani lokaci ta kuskure, kuma manoma suna riƙe da lissafin kuskurenta, wanda haƙƙinsu ne, tunda ita ma ta sa rana ta sa wuri.

Saurayin majalisa da dattijon da ya ce masa kul, yawanci gona ɗaya suke komawa. In an idar da salla a filin idi, aka shafa, kowa ya karkaɗe rigarsa, sai ka ji dattijon yana tambayar ɗan nasa abin da rediyo ta ce game da makon gobe. Ran Lahadi kuma ya ja akuya ɗaya zuwa kasuwar Dambatta, ya sayar, ya auno tiya biyu ta gero mai saurin nuna saboda ko za a sake shuka, ya ƙulle a bakin buhu. A hanyar komawa yakan tsaya a gonar, ya tona ƙasa da yatsa ya ga inda laima ta tsaya, ya ɗaga kai ya dubi gabas, sannan ya wuce gida kafin la'asar.